Waƙar Reno a Shagon Gyaran Waya

Benci ɗaya suka zauna a shagon gyaran waya, wani saurayi mai haɗa kiɗa da wata mata. Ya kunna sabuwar waƙarsa, ya ga ta kasa kunne.

"Baiwar Allah, ta burge ki ko? Ni na haɗa ta."

"Muryar tsohuwar nan mai amshi fa?"

"A intanet na tsince ta. Waƙar reno ce ta mutanen da, ba ta da mai ita. Na ƙara mata sauri, na yi rajista da sunana."

"Shi ya sa. Ita a hankali take ja, don ƙanina ba ya barci sai da lallashi."

Saurayin ya rage sauti. "Mahaifiyarki ce?"

"Ni na ɗauke ta a bidiyo kafin ta rasu, na ɗora a intanet don jikokinta. Kwanan nan aka cire bidiyon, wai na saci waƙar wani."

Ya rasa inda zai sa fuskarsa. "Wallahi Yaya, na'ura ke yin haka, ba ni na kai ƙara ba. Yau zan sa sunanta."

"To, wane ne sunan nata?"

Ya hau lalube a wayarsa.

"Yana rubuce a ƙasan bidiyon lokacin da ka kwasa."

Ya kai yatsa zai kashe, ta ɗaga masa hannu.

"Bar ta. Asalin yana cikin wayata da ta mutu, ga ta can hannun mai gyara. Maido min daga farko, in ka yarda in ji."