Siminti a Akwatin Wuta

A kasuwar Madawa, Gado mai sayar da gero ya dire wa mai gyara akwatin wutar da ya ƙone ordinatar ɗiyarsa, wato kwamfutarta.

"Malam, duba mini. Da hannuna na auna shi, ya fi sauran nauyi, ga araha."

Mai gyara ya kwance murfin. "Baba, wayoyin kamar gashi suke. Wanga kuwa siminti ne anka manna ciki don ya yi nauyi."

Gado ya jujjuya dunƙulen cikin takaici. "Marasa tsoron Allah! Kuma ba su iya ba. Wa ke sa dunƙule guda? Yashi ake barbaɗawa, a gauraya."

"Baba, wace rana kake kawo gero? In ce ma matata ta zauna gida."