Tauraro Ɗaya ga Motar da Ba Ta Jin Birki

A kan bencin shagon mai gyaran waya, wata malamar asibiti ta kalli dattijon da ke gefenta, riƙe da fasasshen rimot ɗin gem.

"Baba, na gem ɗin tseren mota ne? Na so in saya, sai na ga wani a intanet ya ba shi tauraro ɗaya, wai motar ba ta jin birki."

"Ni na rubuta, 'yata. Shekara talatin ina jan tirela ban taɓa faɗawa rami ba, amma a gem ɗin nan kowace kwana sai na wuntsila."

"Kai kaɗai kake bugawa?"

"Ni da matata."

"Ita ma birkin yana ƙi mata?"

"Ita ko keke ba ta iya ba. Sau tara a jere ta cinye ni, tana yi tana hamma."

"To me ya fasa rimot ɗin?"

"Faɗuwa ya yi."

"Daga ina?"

"Daga hannuna zuwa bango." Ya leƙa wajen mai gyara. "Malam, a fara da nawa. Yau ta yi alkawarin za ta ba ni rata."