Muryar Inna Ta Haye Iyaka

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Garba, ina da ɗan situdiyo a Bagudo inda nake ɗaukar wa'azi.

Mahaifiyata mawaƙiyar masunta ce. Da Shari'a ta zo, ta kife ƙwaryarta, ba ta sake waƙa ba. Na yi shekaru ina roƙonta kafin ta yarda ta zauna gaban makirfo ta yi waƙa bakwai. Da ta gama ta ce, "Garba, kar kowa ya ji wannan, har kai, sai na kwanta dama."

Na cika alkawari. Na kwafi aikin a filashi na ajiye, ban taɓa buɗewa ba. Bara na sayar wa wani baƙo tsohuwar kwamfutar da na ɗauki waƙoƙin da ita, ya haye Benin da ita.

Inna ta rasu makon jiya. Bayan sadakar uku na buɗe filashin. Sunayen waƙoƙin na nan, amma babu murya. Ashe jerin kawai na kwafa, sautin yana cikin waccan kwamfutar.

Ban yi kuka ba. Kullum da safe sai in kunna, in zauna ina kallon layin da ke nuna tafiyar waƙa yana tafiya shiru har ƙarshe, in kashe.

Don Allah masana kwamfuta, akwai yadda za a dawo da sautin? Wanda kuma baƙar kwamfuta mai tsagaggen murfi ta faɗo hannunsa, kar ya goge ta. Uwata na ciki.