Mun Binne Malam Bulus, Amma Yana Aji

Mai gabatarwa, sannu da aiki. Maman Rahila ce daga Narayi.

Malam Bulus, malamin 'yata mai shekara shida, ya rasu watan jiya, da ni aka binne shi. Maimakon makarantar ta ɗauki wani, sai take kunna wa yara bidiyon darussansa. Ran Talata na leƙa ta taga, na ji muryar marigayin: "Wa bai gane ba?" Rahila ta ɗaga hannu. Ya ci gaba abinsa, hannunta na sama.

Ban ƙi zamani ba, amma a kawo mai rai ya riƙe alli! A gida Rahila ta ce, "Mama, Malam na fushi da ni, ya daina kiran sunana." Jama'a, me zan gaya mata?