Gilashin Wayar 'Yar Tela

A rumfar mai gyaran waya, wata tela na zaune kan benci tana jiran a sauya gilashin wayar 'yarta. Wani direba da ke gefenta ya dubi murfin wayar mai furanni.

"Malama, ta yarinya ce? Ni ranar da na kama ɗana yana hira da masu tallar ƙwaya, da ƙasa na haɗa wayar."

Tela ta gyara zama. "Ni kuwa gyara na kawo. Wani ƙato ne ya dinga turo wa 'yata saƙo, wai zai aiko mata ƙwayar buɗe kai saboda jarrabawa, ita kuma ta tura masa hotonta."

"Kika kama ta?"

"Wa ya kama ta, Malam? Ina kan keke ta zo ta ajiye wayar a kan ɗinkina, ta ce, 'Umma, saurari wannan.' Tun ranar da na saya mata na yi mata alkawari: duk abin da ta kawo mini da kanta, ba duka, ba ƙwace. Ni na amsa masa da muryata, muka kai ƙara. Garin rawar hannu wayar ta faɗi."

"Tsoro ya kama yarinya."

"Hannuna ne ya yi rawa. Ita ko gezau. Naka fa, ya daina?"

Direba ya daɗe yana juya makullin motarsa.

"Ban sani ba. Yanzu wayar abokai yake ara." Ya rage murya. "Alkawarin nan, yaya kika faɗa mata shi?"