Butar da Ta Bushe

Mai girma shugabar wannan zama, mai girma perfe, magajin gari, sarakunanmu iyayen ƙasa, malamai, ma'aikatan likita, matan garka na Tama da Karofane da waɗanda sunka yo takakka daga Keita, assalamu alaikum wa rahamatullahi.

Kun ji na jero gaisuwar nan duka ban tsaya na huta ba? Bara war haka, da rabinta na ɗauko sai an tallabe ni. Ni ce Zaliha, mai guɗar unguwarmu, wadda shekara ukku ba a ji muryarta wurin biki ba. Godiya ta tabbata ga Allah, sannan ga ƙungiyar mata da ta ba ni wannan fili.

Magana ta farko, ciwon. Ina cikin ban ruwan albasa sai in ji kamar an soke ni ga ƙirjin dama, numfashi ya tsaya ga wuya. Sau biyu ana kai ni likita, radiyo, wato hoton ƙirji, ta nuna huhuna ya lotse, a sa mani tiyo a fidda iska, in koma gida. Dangi sunka ce iskokin kakata ne sunka biyo ni. Anka yi hayaƙi har zanena ya ɗauki ƙauri, ciwo bai san ana yi ba.

Ta biyu, kuskurenmu. In lokotoro ya tambaya yaushe abin ya taso, maigidana Alƙasim ke amsawa, tunda ni ba ni da bakin magana. Sai ya ce ranar kasuwa, ko ranar da munka cire albasa. Bawan Allah, ga shi can yana sunne kai, bai yi ƙarya ba, iyakar abin da ya sani ke nan. Ni da na san sauran, kunya ta rufe mani baki.

Karo na ukku uwar mijina, Inna Jima, ta ce ƙafarta ƙafata. Ta dubi lokotoro ta ce, "Ɗana, ni ban yi karatun lakkwal ba, amma ni ke share tsakar gida. Duk ranar da ɗiyar ga ta faɗi, butar alwallarta busassa nake iske ta." Lokotoro ya aje alƙalami, ya sa maza sunka fita, ya tambaye ni ko ciwon tare da al'ada yake zuwa. Na ce tare suke zuwa, da ciwon mara da nake ɓoyo tun ina budurwa.

Ta ukku, jinin. Anka ɗibi jinina anka auna, anka iske wata alama ta hau sama. Lokotoro ya ce alamar ita kaɗai ba ta yanke hukunci, amma in ta haɗu da radiyo da maganar Inna, hanya ta fito. Sunan cutar endometiriyoz: nama irin na cikin mahaifa ne ke tsira inda ba wurinshi ba, wani sa'in har ƙirji, al'ada na zuwa shi ma ya motsa. Anka tura ni Yamai, anka yi mani aiki, anka ɗora ni kan magani. Wata goma sha ɗaya ke nan ban faɗi ba, kuma wallahi daɗi nake ji, ban iya ɓoye shi.

Saboda haka, 'yan'uwana mata, wadda ƙirjinta ke suka duk lokacin da ba ta salla, ta faɗa. Ta faɗa ma sajfam, ungozomar likita, ta faɗa ma lokotoro, in ta kasa ta jawo tsohuwa ta faɗa mata. Maza kuma, ku raka mu, mun gode, amma ku bar mu mu amsa da bakinmu.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka ma ma'aikatan likita, ya ja zamanin iyayenmu, ya albarkaci garkunanmu, ya maida kowa gida lafiya.

Inna Jima, ranar da anka fito da ni daga ɗakin aiki kin so a yi guɗa, ba mai yi, tunda mai yin ce kwance. Taso ki tsaya kusa gare ni, yanzu zan yi maki ita gaban kowa, da huhun da kinka ceta.

Na gode.