Sunan da Za a Sassaƙa

Ban taɓa zama a aji ba, amma shekarata tamanin kunnena garau, duk rikicin garin nan ya zo ya wuce ya bar ni. Ina hutawa a rumfar mai sassaƙa dutsen kabari a Makera, sai wani magidanci ya zo da takarda. Wata tsohuwa mai jiran mota ta leƙa.

"Ɗana, na wa ne?"

"Na mamata. Rifkatu za a rubuta, sunanta na baftisma. Ƙanwarta ta nace sai Zigwai, sunanta na gargajiya, na ƙi. Da Allah ya mai da Abram Ibrahim, ai bai sake waiwayar tsohon suna ba."

"Yakubu fa? An ce masa Isra'ila, amma har yau Allah na Yakubu muke cewa."

"Mama, wa'azi za ki yi mini a bakin titi?"

"Kyauta ma. Sabon suna alkawari ne, tsohon kuwa na wanda aka yi wa alkawarin ne. A unguwarmu ta Romi Lizzy nake. A ƙauye ni Kuyet ce, kuma duk masu kirana haka sun kwanta dama. Wa ke kiran mamarka Zigwai?"

Ya ce, "Babanmu. In ya taso daga masaƙa, tun daga bakin ƙofa yake kira, ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba, tana murmushi."

Sai ya tambaya ko za a iya ƙara Zigwai. Mai sassaƙa ya ce dutsen ba zai ɗauki suna biyu ba, sai an cire layin ƙasa, inda aka sa "Daga ɗanta Wilfred".

Mutumin ya dubi takardar. "Cire nawa."